Da Tsohuwar Zuma Ake Magani: Tarihin Keken Dako a Biranen Turai

Gabatarwa

A watan Agusta na shekara ta 1907, a birnin Siyatil na ƙasar Amurka, wani saurayi mai shekara 19 da haihuwa, James Casey, da abokinsa Claude Ryan, suka ranci dala 100 suka buɗe wani ɗan kamfani na kai saƙonni. Yaran da suka ɗauka aiki a ƙasa suke tafiya, in wurin da nisa su hau keke. Wannan ɗan kamfani shi ne ya girma ya zama UPS, mai jiragen sama da dubban motoci a sassan duniya. A shekara ta 2018 kuma, watau bayan shekara 111, sai ga kamfanin ya sake fito da kekuna yana rabon saƙonni a tsakiyar Siyatil ɗin nan, amma wannan karo masu taya uku, da akwati a baya, da batir mai taimakon ƙafar mai tuƙi.

Hausawa sun ce duniya rawar ƴan mata ce, na gaba ya koma baya. Sai dai mai nazarin tarihi ba ya tsayawa ga karin magana, tilas ya tambayi dalili. Me ya kori keken dako daga titunan birane a tsakiyar ƙarni na 20, me kuma ya dawo da shi a farkon ƙarni na 21? Amsar da aka fi saurin bayarwa ita ce batir. Batir yana da nasa rabo, babu shakka, amma tarihi ya nuna cewa tsarin gari shi ne alƙalin wannan shari'a tun farko: faɗin titi, da wanda aka ba titin, da wurin da aka yarda a sauke kaya. An fi ganin haka a biranen Turai, musamman Pari, don haka a can ne wannan nazari zai fi zama.

Haihuwar keken dako

Keke kansa ba tsoho ba ne ƙwarai. A 1817 wani Bajamushe, Karl Drais, ya ƙera abin hawa na katako mai taya biyu wanda ake turawa da ƙafa a ƙasa. A shekarun 1860 maƙeran gidan Michaux, a Pari, suka shahara da keke mai feda a tayar gaba. A 1885 John Kemp Starley, a garin Coventry na Ingila, ya fito da keke mai tayoyi biyu masu kusan girma ɗaya da sarƙa mai juya tayar baya, watau siffar da kowa ya sani a yau. A 1888 John Boyd Dunlop ya kawo tayar roba mai iska, wadda ta rage wa mahayi jijjiga a kan titunan duwatsu.

Tun kafin keke ya gama samun siffarsa, masu rabon kaya sun ɗora masa ido. Gidan waya na Ingila ya gwada kekuna masu taya uku a Coventry a 1880. Ba da jimawa ba aka gwada wani mai taya biyar a garin Horsham, babbar taya a tsakiya da ƙanana huɗu kewaye da ita, har mutane suka yi masa laƙabi da kaza da ƴaƴanta. A 1883 gidan wayar ya buɗe sashen aika ƙunshin kaya, bayan wasiƙun da ya saba kaiwa, sai buƙatar abin ɗauka ta ƙaru.

Dalilin karɓuwar keken dako a wancan zamani a fili yake. Kafin zuwansa, ɗan kasuwa mai son kai wa abokin ciniki kaya har gida hanya biyu gare shi: ko ya aza wa yaro a ka ko a amalanken turawa, ko ya ajiye doki da keken doki. Doki kuwa yana cin abinci ko ya yi aiki ko bai yi ba, yana buƙatar barga da mai kula da shi, ga kashinsa da ya addabi manyan birane. Keke ba ya cin hatsi, ba ya neman barga, yaron kanti ma yana iya tuƙa shi. Don haka kafin yaƙin duniya na farko ya zama abokin aikin mai burodi, da mahauci, da mai madara, da mai wanki, da mai kantin magani.

Zamanin ƴan dako masu feda

Kowace ƙasa ta ba wannan keke siffa da suna gwargwadon titunanta. A Faransa aka kira shi triporteur: tayoyi biyu a gaba ɗauke da babban akwati, taya ɗaya a baya inda mai tuƙi yake zaune. A jikin akwatin ake rubuta sunan kanti da adireshinsa, ya zama talla mai yawo. A Holand sunansa bakfiets, watau keke mai akwati. A Danmark, a shekarun 1920, aka fito da wani dogo mai taya biyu da ake kira Long John, wanda aka shimfiɗa masa dandamali ƙasa-ƙasa tsakanin mai tuƙi da tayar gaba, domin nauyi ya zauna kusa da ƙasa kada keken ya rinjaya.

Sana'ar ta haifi mutanenta, da ɗabi'unsu da alfaharinsu. A Kopenhag ana kiran ƴan dakon keke svajere, saboda yadda suke karkata jiki dama da hagu in kaya sun yi nauyi. An san su da hula a karkace da kaifin baki, kuma suna da tserensu a wani dandali na tsakiyar gari. A Pari masu rabon jarida ne taurari. A zamanin da jaridun maraice suke fitowa sau da yawa a yini, su ne suke kwasar ɗauri-ɗauri daga maɗaba'a zuwa rumfunan sayarwa, kuma gwargwadon saurin mutum gwargwadon samunsa. Su ma suna da gasarsu ta shekara-shekara, wadda ake yi da ɗaurin jarida a gaban keke, jama'a suna jeruwa bakin titi suna kallo.

Ya kamata a lura da abin da ya riƙe wannan sana'a. Birnin wancan zamani a dunƙule yake. Maɗaba'a, da babbar kasuwa, da tashar jirgin ƙasa, da ma'ajiyar kaya, duk suna cikin gari, nisan kilomita kaɗan daga ƙofar mai saye. Babbar kasuwar abinci ta Pari, Les Halles, tana tsakiyar birni, kuma daga nan kaya suke watsuwa unguwa-unguwa tun da asuba. Muddin tafiyar gajera ce, ƙarfin cinyar ɗan Adam ya isa.

Lokacin yaƙin duniya na biyu ya ba keke daraja ta ƙarshe. Daga 1940 zuwa 1944, da sojan Jamus suka mamaye Pari, man fetur ya yi wuya, motocin farar hula suka kwanta. Kekuna masu jan ƴar karusa suka koma tasi, kaya kuma suka koma kan feda. Wannan ya bar tabo a zukatan mutane, domin bayan yaƙi da yawansu sun riƙa danganta keke da zamanin yunwa da rashi.

Yadda mota ta karɓe titi

Mota ta fara kutsawa cikin sana'ar tun da wuri. Kamfanin Casey da aka ambata a sama ya sayi motarsa ta farko, Ford T, a 1913. Amma a Turai sai bayan 1945 ƙaramar motar kaya ta zama abin da mai ƙaramin kanti yake iya saye. Kamfanin Citroën ya nuna motarsa Type H a 1947, sa'an nan ya fito da 2CV ta ɗaukar kaya a 1951. Renault ya kawo Estafette a 1959. A Italiya Piaggio ya ɗora inji a kan taya uku ya kira shi Ape tun 1948. A Ingila Ford Transit ta fito a 1965. Mai yana da araha, albashin ma'aikata yana hawa, don haka ya fi wa mai kanti riba ya biya direba ɗaya mai ɗaukar kayan mutum biyar.

Ana iya karanta wannan sauyi a cikin sinima. A fim ɗin Jour de fête na Jacques Tati, wanda ya fito a 1949, wani mai rabon wasiƙu na ƙauye ya kalli yadda ake aikin gidan waya a Amurka da jirage da injuna, sai ya ɗauri niyyar yin irin wannan sauri a kan tsohon kekensa, ƴan kallo suna ta dariya. A 1957 aka yi fim ɗin Le Triporteur, daga littafin René Fallet, inda Darry Cowl ya fito a matsayin yaron kanti mai tafiya har birnin Nis a kan keken dako don kallon ƙwallo. Abin da dā yake kayan sana'a ya koma abin ba da dariya. Abin da jama'a suka mayar abin dariya kuwa, hukuma ba ta tanadar masa wuri a titi.

Sai dai babban bugun bai zo daga mota ita kaɗai ba. Ya zo ne daga yadda aka sake fasalin gari domin ta. A Pari, a 1967 aka buɗe hanyar motoci mai bin gaɓar kogin Sen. A 1969 aka kwashe kasuwar Les Halles aka mai da ita Rungis, a kudancin birni. A 1973 aka kammala babbar hanyar da ta kewaye Pari, mai tsawon kilomita 35. Filin cikin gari ya yi tsada, sai ma'ajiyoyin kaya suka bi manyan hanyoyi suka fita bayan gari. Binciken Laetitia Dablanc, masaniyar sufurin kaya a Faransa, ya nuna cewa daga 1974 zuwa ƙarshen shekarun 2000 tashoshin kamfanonin rabon saƙonni na yankin Pari sun ƙara nisa da tsakiyar birni da kimanin kilomita 10 a matsakaicin lissafi. Da ma'ajiya ta yi nisa haka, keke ya rasa inda zai ɗauki kaya. Ba gajiya ya yi ba, tasharsa aka ɗauke.

Shekarun jira

Shekara ta 1973, wadda aka kammala hanyar kewayen Pari, ita ce kuma shekarar da farashin mai ya yi tashin gwauron zabo bayan yaƙin watan Oktoba a Gabas ta Tsakiya. A Holand gwamnati ta hana motoci fita ranakun Lahadi daga watan Nuwamba. A daidai lokacin iyaye suna zanga-zanga a kan yawan yaran da motoci suke kashewa. Daga nan Holand da Danmark suka ɗauki hanyar gina wa keke titunansa na kansa, aikin da ya ci shekaru da dama.

Keken dako ya sami mafaka a wuraren da ba a zata ba. A unguwar Christiania ta Kopenhag, wadda wasu matasa suka kafa a 1971 a wani tsohon barikin soja kuma suka hana mota shiga, wani maƙeri, Lars Engstrøm, ya ƙera keke mai akwati a gaba a 1984. Iyalai suka karɓe shi suna ɗaukar yara da cefane. Ta wannan hanya siffar tsohon keken ta rayu, ko da yake a hannun iyaye take, ba a hannun ƴan kasuwa ba.

A can Japan kuma ana shirya ɗaya rabin labarin. A 1991 kamfanin Sony ya fara sayar da batirin litiyom, wanda yake riƙe wuta mai yawa a nauyi kaɗan. A 1993 Yamaha ya fito da keke mai inji wanda ba ya aiki sai mahayi yana taka feda: injin yana auna ƙarfin ƙafa, ya ƙara mata nasa. A 2002 Tarayyar Turai ta yanke wani hukunci mai kama da ƙarami amma mai nisan tasiri. Duk keken da ƙarfin injinsa bai wuce wat 250 ba, wanda injin yake taimako kawai in ana taka feda kuma yake yankewa in gudu ya kai kilomita 25 a awa, ba a lissafa shi cikin babura. Ma'ana, a idon doka keke ne: ba ya neman takardar izinin tuƙi, ba ya neman lamba, kuma yana da hakkin bin hanyar kekuna. Da wannan, mutum ɗaya ya iya tura kilo 150 ko fiye a kan tudu ba tare da ya karye ba.

Abu na uku shi ne sauyin kayan da kansu. Amazon ya fara sayar da littattafai ta intanet a 1995, wasu suka bi sawu. Dā kaya suna zuwa kanti a kamyo guda, mai saye ya taka ya ɗauka. Yanzu sai suka rarrabu ƙunshi-ƙunshi, kowane da ƙofarsa: littafi a nan, takalmi a can, igiyar cajin waya a hawa na biyar. Motar da aka ƙera don ɗaukar tan guda ta koma tana tsayawa sau ɗari a yini don miƙa abin da bai kai kilo biyu ba.

Pari, 2001: dawowar zango

A shekara ta 2001 aka zaɓi Bertrand Delanoë magajin garin Pari, da alkawarin rage wa mota fili. A wannan shekarar ce Gilles Manuelle ya kafa kamfanin La Petite Reine, watau ƙaramar sarauniya, laƙabin da Faransawa suka daɗe suna yi wa keke. Kayan aikinsa keke ne mai taya uku da taimakon lantarki, da babban akwati a baya mai ɗaukar kimanin kilo 180.

Muhimmin abin da ya faru shi ne na 2003, lokacin da hukumar birni ta ba kamfanin wuri a wata ma'ajiyar motoci ta ƙarƙashin ƙasa, a Saint-Germain-l'Auxerrois, kusa da gidan tarihi na Louvre. Da sassafe motocin kaya suna zuwa daga bayan gari su sauke, a rarraba saƙonni unguwa-unguwa, kekuna su kwasa su fita, su dawo su sake ɗauka. A 2005 kamfanin Chronopost ya sami irin wannan wuri a ƙarƙashin dandalin Concorde, yana rabo da ƙananan motocin lantarki da akwatunan turawa.

Wanda ya san tarihin fatauci ba zai ga baƙon abu a nan ba. Ayarin raƙuma ba ya shiga lungu. A zango yake sauka, a kwance kaya, jakuna da ƴan dako su shiga da su cikin gari. Abin da Pari ta yi shi ne ta mai da zango cikin birni bayan ta shekara 30 tana korarsa. Wannan ƙaramar ma'ajiya ita ce ƙashin bayan sana'ar baki ɗaya, kuma ita ce mafi wuyar samu, domin kowane taku na fili a tsakiyar birni yana da mai son gina kanti ko ofis a kansa wanda zai fi biyan haya. Shi ya sa kusan ko'ina aka yi nasara, za a tarar da hannun hukumar gari a ciki.

Manyan kamfanoni sun shigo

Bayan ƴan ƙananan kamfanoni sun share hanya, manya suka biyo. A 2012 UPS ya fara gwaji a birnin Hambug na Jamus. Maimakon gini, kwantena cike da saƙonni ake ajiyewa a tsakiyar gari da safe, ma'aikata su yi ta ɗiba a ƙasa da kuma a kan kekuna, da maraice a ɗauke ta. A 2015 DHL ya fito da keke mai taya huɗu a Holand, mai suna Cubicycle, wanda akwatinsa yake cin mita ɗaya a tsawo da faɗi da tsayi in an haɗa lissafi, yana ɗaukar kilo 125, kuma ana iya sauke akwatin da ya ƙare a ɗora cikakke cikin ɗan lokaci. A 2018, a unguwar Prenzlauer Berg ta Berlin, kamfanoni biyar masu gasa da juna, DHL, DPD, GLS, Hermes da UPS, suka yarda suka zauna a fili ɗaya, kowane da kwantenarsa, a wani gwaji mai suna KoMoDo. A watan Disamba na 2019 birnin Niyok ya buɗe nasa gwajin tare da Amazon, DHL da UPS. A 2022 Amazon ya buɗe ma'ajiyarsa ta farko ta kekuna a Ingila, a unguwar Hackney ta Landan.

Ba son keke ne ya kawo waɗannan kamfanoni ba, lissafi ne, kuma dokokin birane ne suka sauya lissafin. Landan ta sa wa motoci kuɗin shiga tsakiyar gari a 2003, ta ƙara haraji a kan masu yawan hayaƙi a 2019. Pari ta mai da hanyar gaɓar kogin nan ta 1967 ta masu tafiya a ƙasa a 2016. A 2020, lokacin annobar korona, sayayya ta intanet ta ƙaru ƙwarai, birnin kuma ya shata kimanin kilomita 50 na sababbin hanyoyin keke. A 2021 ya rage gudun mota zuwa kilomita 30 a awa a yawancin titunansa, a 2024 kuma ya hana motoci masu wucewa kawai ratsa tsakiyar gari. In kiɗa ya sauya, rawa ma sai ta sauya.

Mai karatu yana iya tambaya, ta yaya keke zai riga mota? Amsar tana cikin yadda yinin direba yake ƙarewa. Mafi yawan lokacinsa ba a gudu yake tafiya ba, a cunkoso yake tafiya, da neman wurin tsayawa, da takawa daga inda ya tsaya zuwa ƙofar gida. Keke yana bin hanyarsa ta daban, yana yanke ta lungun da aka hana mota, yana tsayawa a bakin ƙofa. A 2021 masu bincike na jami'ar Westminster suka nazarci tafiye-tafiyen wani kamfanin kekuna a tsakiyar Landan, suka gano cewa keke yana kai saƙo kimanin 10 a awa inda mota take kai 6, kuma hayaƙin da ke ɗumama duniya ya ragu da kimanin kashi 90 cikin 100 in an gwada da motar gazuwal. Wannan sakamako na tsakiyar birni mai cunkoso ne. A unguwannin bayan gari, inda gidaje suke nesa da juna, ko inda kayan suke da nauyi kamar firiji da buhunan siminti, mota ce take da rinjaye har yanzu.

Abin da dawowar ba ta warware ba

Tarihin da ya tsaya ga yabo rabin tarihi ne. Matsala ta farko ita ce ta riba. Duk sauke kaya da sake ɗora su kuɗi ne, hayar zango kuɗi ce, kuma mai saye ya saba da jin cewa kawo masa kaya kyauta ne. La Petite Reine kanta ba ta daɗe tana cin gashin kanta ba, ta shiga ƙarƙashin manyan ƙungiyoyi. A farkon 2025 Zedify, ɗaya daga cikin manyan kamfanonin keken dako na Ingila, ya durƙushe saboda rashin jari.

Ta biyu ita ce ta mutumin da ke kan sirdi. Yaron kanti na 1910 ba shi da kariya in ya faɗi ya karye, kuma wannan tambaya ta dawo tare da keken. Wasu masu rabon saƙonni ma'aikata ne masu albashi da inshora. Wasu kuwa, musamman masu kai abinci ta hanyar manhajar waya, an ɗauke su a matsayin masu zaman kansu, ana biyansu a kan kowane saƙo, ruwa da sanyi da haɗari duk nasu ne. A watan Nuwamba na 2018 babbar kotun Faransa mai warware hukunci ta yanke, a shari'ar kamfanin Take Eat Easy, cewa wanda ake bibiyar tafiyarsa ta waya kuma ake iya hukunta shi, ma'aikaci ne. Sifen ta yi doka a kan haka a 2021, Tarayyar Turai ta yi tata a 2024. Wasu masu tuƙin kuma suka haɗa kai suka kafa ƙungiyoyin gama-kai inda su ne masu kekuna, su ne masu rabon riba.

Ta uku ita ce ta batir. Batiri marar inganci yana kamawa da wuta: a Niyok, a 2023 kaɗai, gobarar batiran litiyom ta kashe mutum 18, kuma a wannan shekarar ce birnin ya hana sayar da waɗanda ba a tantance ba. Sa'an nan yawancin waɗannan batira suna ɗauke da ma'adinin kobal, wanda kimanin kashi 70 cikin 100 na abin da duniya take haƙowa daga Jamhuriyar Dimokuraɗiyyar Kongo yake fitowa, wani sashe daga ramukan da talakawa suke haƙa da hannu cikin haɗari. Batirin keke ƙarami ne ƙwarai in an gwada shi da na mota, wannan gaskiya ne. Duk da haka, tsabtar iskar Pari da Berlin tana da wani bashi a ƙasar Afirka, kuma adalci ne a rubuta shi cikin lissafi.

Kammalawa

In aka jera shekarun nan, 1880, 1947, 1969, 2003, 2021, za a ga cewa keken dako bai sauya ƙwarai ba: akwati ne, da tayoyi, da mutum mai taka feda, sai batir da aka ƙara masa. Abin da ya yi ta sauyawa shi ne garin da yake yawo a ciki. Da aka fitar da kasuwa da ma'ajiya bayan gari aka ba mota titi, sai ya ɓace. Da aka dawo da zango cikin gari aka ƙwace wa mota wani sashe na titin, sai ya bayyana.

A nan akwai abin da malamin tarihi ko na labarin ƙasa zai iya ɗauka ya shiga da shi aji. Littattafan makaranta sun saba jera abubuwan sufuri kamar matakala, daga ƙafa zuwa jaki, zuwa keke, zuwa mota, zuwa jirgi, kamar duk wanda ya hau mataki ya yi bankwana da na ƙasa har abada. Labarin keken dako ya nuna cewa matakalar nan mutane ne suke kafa ta, da shawarar da suke yankewa a majalisar gari a kan fili da titi da kasuwa. Pari ta shekara 30 tana gina hanyoyin da suka kori ɗan dako, ta sake kashe wasu shekaru 20 da dukiya mai yawa tana nema masa wurin dawowa. Duk birnin da yake cikin girma, wanda kasuwarsa take tsakiyar gari har yanzu kuma masu amalanke suke kai kaya ƙofa-ƙofa, yana riƙe da abin da waɗancan suka zubar suka dawo suna tsinta. Ya rage ga masu tsara shi su san darajarsa tun yana hannu.